Yadda ake zaɓen hitar ruwa mai aiki da gas marar tanki, da kafa ta, da kula da ita

Hitar ruwa mai aiki da gas marar tanki akwati ne na ƙarfe da ake kafawa a jikin bango, wanda ba ya ajiye ruwan zafi ko kaɗan, sai dai ya ɗumama ruwan a daidai lokacin da yake ratsawa ta cikinsa. Da zarar an buɗe famfon ruwan zafi, wata 'yar na'ura da ke cikin akwatin za ta ji motsin ruwan, ta buɗe wa gas hanya, ta kyasta wuta, harshen wutar kuma ya doki wani murɗaɗɗen bututun jan ƙarfe da ruwan ke bi, ta yadda kafin ya fito ta ɗaya gefen ya riga ya yi zafi. Ana rufe famfo wutar take mutuwa. Saboda haka ba a ƙona gas sai lokacin da ake bukatar ruwan, kuma ruwan zafi ba ya yankewa muddin akwai gas a tukunya da ruwa a tankin gida. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a gidan da ba ya amfani da fiye da lita 155 na ruwan zafi a rana, irin wannan hita tana iya rage ɓarnar makamashi da kashi 24 zuwa 34 cikin ɗari idan an kwatanta da mai tanki, tana kuma iya haura shekara 20 tana aiki idan ana kula da ita.

A wurinmu akwai wani amfani da ya fi wannan. Ƙananan hitoci da yawa ba sa bukatar wutar lantarki, manyan batura guda biyu irin na tocila ne ke kyasta musu wuta, don haka ko an ɗauke wuta da asubar hunturu yara za su yi wankan makaranta, dattijo ya yi alwala da ruwa mai ɗumi, mai jego kuma ta huta da jiran tukunya a kan murhu. Sai dai akwai abin da ya kamata maigida ya sani tun kafin ya tambayi farashi. Matsakaiciyar hita, idan tana ci sosai, tana ƙona gas da ƙarfin da ya kai kilowat 20, wato kwatankwacin a kunna kawunan murhun gas bakwai zuwa goma a lokaci guda. Wuta mai wannan girma tana cin iska da yawa, tana kuma fitar da hayaƙi da yawa, shi ya sa tambayar farko ita ce inda za a kafa ta.

Wurin da za a kafa ta

Ba a kafa hitar gas a cikin banɗaki, ba a kafa ta a ɗakin kwana, ba a kuma kulle ta a cikin kabad ko lungun da iska ba ta ratsawa. Dalilin shi ne idan wuta ta rasa isasshiyar iska, gas ba ya ƙonewa sarai, sai ya riƙa fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari balle mutum ya farga. Ita ce dai gubar da ke hallaka iyalai idan suka kwana da janareta a cikin gida ko suka rufe ɗaki da gawayi yana ci. Tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, don haka jiki yana rasa iskar da yake bukata alhali mutum yana numfashi. A ƙaramin banɗaki mai rufaffiyar ƙofa, wanda tururi ya cika, 'yan mintoci sun isa mai wanka ya ji ciwon kai da jiri, ƙafafunsa su saki, ya faɗi ba tare da ya iya kiran kowa ba.

Wannan matsala ta daɗe tare da na'urar. Hitar farko irin wannan, wadda wani mai fenti a Landan mai suna Benjamin Waddy Maughan ya ƙirƙiro a 1868, ba ta da bututun fitar da hayaƙi, duk abin da wutar ta fitar a ɗakin wankan yake tsayawa. Gyaran da masu ƙira suka yi ta yi tun daga lokacin, ciki har da Johann Vaillant na Jamus wanda a 1894 ya fito da tsarin da ya raba ruwan da hayaƙin wutar, yawancinsa ƙoƙari ne na nisanta hayaƙi daga mutane. Abin takaici shi ne har yanzu akwai masu araha a kasuwa waɗanda ba su da wurin ɗaura bututun hayaƙi, kuma akwai masu aikin da za su kafa su a saman shawa saboda a nan ne aikin ya fi sauƙi.

Hitocin da za a tarar kusan iri huɗu ne ta fuskar yadda suke shaƙar iska. Akwai marar bututun hayaƙi, wadda ke zubar da hayaƙinta a inda take. A ganina wannan ba ta da wurin zama sai a fili. Akwai mai buɗaɗɗen bututu, wadda ke ɗaukar iska daga ɗakin da take ta fitar da hayaƙi waje ta bututun ƙarfe. Tana bukatar ɗaki mai faɗi da kafar iska wadda ba a taɓa toshewa. Akwai rufaffiya, wadda bututunta biyu ne ɗaya cikin ɗaya, tana jawo iska daga waje tana mayar da hayaƙi waje da taimakon fanka, babu abin da ya haɗa wutarta da iskar ɗaki. Ita ce mafi aminci a cikin gida, amma tana bukatar lantarki kuma ta fi tsada. Sai kuma wadda aka ƙera musamman don zaman waje.

Ga mafi yawan gidajenmu, masu tsakar gida da sarari a bayan ɗakuna, shawarar da ta fi dacewa ita ce a kafa hitar a bangon waje na banɗakin, a yi mata 'yar rumfa ta kwano da za ta kare ta daga ruwan sama da rana, a bar gefunan a buɗe, bututun ruwan zafi kawai ya ratsa bango ya shiga ciki. A duba kada bakin hayaƙin ya fuskanci taga, ko ƙofa, ko ya kasance ƙarƙashin rufin da zai tare hayaƙin ya mayar da shi cikin ɗaki. A kuma lura da inda iskar hunturu ke bugowa, domin iska mai ƙarfi tana kashe wutar ko ta tura hayaƙi baya. Idan dole sai an yi amfani da bututun hayaƙi, ya kasance na ƙarfe mai faɗin da kamfanin ya ƙayyade, ya riƙa hawa sama ba tare da lanƙwasa da yawa ba, a sa masa hula a ƙarshe don kada tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Duk gidan da hitarsa ke cikin gini ya sayi na'urar gargaɗi mai ƙara idan ta ji kabon monoksaid, kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka dubi abin da take karewa.

Girman hita da ƙarfin ruwa

A jikin kwalin za a ga an rubuta lita 6, ko 10, ko 12, ko 16. Wannan adadi yana nufin yawan ruwan da hitar za ta iya ƙara wa zafin digiri 25 a cikin minti ɗaya. A ce ruwan tanki ya kwana a sanyi ya sauka zuwa digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, ana kuma son ruwan wanka mai digiri 40, to hita mai lita 10 za ta ba da lita 10 a minti, abin da ya ishi shawa ɗaya har da rara. Mai lita 6 ta isa cika bokiti da wanke-wanke, amma za ta yi wa shawa kaɗan a tsakiyar sanyi, musamman a wurare irin su Jos da tsaunin Mambila inda ruwa ke yin sanyi sosai. Idan ana son banɗaki biyu su yi aiki a lokaci guda, a nemi mai lita 16 ko sama. Sayen wadda ta fi ƙarfin bukata ma ba dabara ba ce, domin babbar hita tana da iyakar yadda za ta rage wutarta, kuma a lokacin zafi, da ruwan tanki ke shigowa da ɗuminsa, sai ta riƙa fitar da ruwan da hannu ba ya iya taɓawa.

Abin da ya fi hana waɗannan hitoci aiki a gidajenmu shi ne raunin ruwa. Na'urar ba za ta kunna wuta ba sai ta ji ruwa yana gudu da wani ƙarfi, yawanci lita biyu zuwa uku a minti, kuma gidan da ke dogara da tankin sama ba shi da ƙarfin ruwa sai gwargwadon tsayin tankin. Lissafin mai sauƙi ne: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da bar ɗaya, wato ma'aunin da ake auna ƙarfin ruwa da shi. Tankin da ruwansa ke mita 3 sama da hitar yana ba da bar 0.3 ne kawai, kuma siririn bututu da yawan kwana-kwana za su ƙara cinye wani abu daga ciki. Don haka kafin a je kasuwa a auna tsayin daga saman ruwan tankin zuwa inda za a kafa hitar, sannan a riƙe bokitin da aka san yawan litarsa a ƙarƙashin famfon banɗakin, a ga abin da zai tara a minti ɗaya. Da waɗannan lambobi biyu za a buɗe littafin hitar a shago a duba mafi ƙarancin ƙarfin ruwan da take bukata. Akwai waɗanda aka ƙera don raunin ruwa, suna tashi da kusan bar 0.2. In ba a samu ba, sai a ɗaga tankin ko a sa ƙaramin injin ƙara wa ruwa ƙarfi kafin hitar, tare da sanin cewa injin yana bukatar lantarki.

Tukunya, regileta da tiyo

Gas ɗin da muke saye a tukunya daban yake da wanda ake turawa gidaje ta bututu a Turai da Amurka, kuma ƙofofin da gas ke fitowa a cikin hitar ba girmansu ɗaya ba. A duba 'yar takardar da ke manne a gefen akwatin: idan an rubuta LPG, ko G30, ko G31, ta gas ɗin tukunya ce; idan an rubuta NG ko G20, ta gas ɗin bututu ce, kuma haɗa ta da tukunya zai ba da babbar wuta mai baƙin hayaƙi da guba. Masu sayen hita ta hannu da aka shigo da ita daga waje su ne suka fi faɗawa wannan rami. Kamfanoni irin su Rinnai, Paloma, Bosch, Vaillant da Ariston suna ƙera iri biyun duka, don haka sunan kamfani bai isa shaida ba, takardar ce shaida. A tabbatar kuma hitar tana da abin da ke yanke gas idan wuta ta mutu, da wanda ke kashe ta idan zafi ya wuce kima.

Hita mai lita 10 tana shan kusan kilo ɗaya da rabi na gas a awa ɗaya idan tana ci da dukkan ƙarfinta. Wannan adadi yana da muhimmanci wajen zaɓen regileta, wato kan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, domin da yawa daga cikin na girki ba sa wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. A nemi regileta mai ƙaramin matsi daidai da abin da aka rubuta a jikin hitar, galibi milibar 28 zuwa 30 ko 37, wadda kuma za ta iya ba da kilo biyu a awa. Kada a taɓa sa regileta mai babban matsi irin ta masu suyar kasuwa. Ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 ba ta iya ciyar da wuta mai wannan girma, za a ga jikinta ya yi raɓa ya yi sanyi ƙalau, wutar kuma ta yi ta raguwa. Mai kilo 12.5 ita ce mafi ƙanƙanta da ta dace, kuma ya fi kyau hitar ta sami tukunyarta daban da ta kicin.

Game da kuɗin da za a riƙa kashewa, wankan shawa da ya ci lita 40, aka kuma ƙara wa ruwan digiri 25, yana cin gas kusan giram 110. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 za ta ba da wanka ɗari da 'yan kai, wato kusan kwana 20 ga gida mai mutum shida da kowa ke wanka sau ɗaya a rana. Mai wanka da bokitin lita 20 rabin wannan yake ci.

Tukunyar ta zauna a tsaye, a waje, a inuwa, ba a ƙarƙashin hitar kai tsaye ba. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake bi ya taru a rami, don haka a nisanta ta daga bakin kwata, da shadda, da duk wani gangare da ke shiga ɗaki. Tiyon ya zama na gas na ainihi, gajere, an ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai ƙusa. Idan tazarar tana da yawa a ja bututun jan ƙarfe.

Ranar kafawa

Aikin gas ba na gwaji ba ne, a kira wanda ya san shi, ba kowane mai aikin famfo ba. A Ingila doka ce ma ta hana kowa yin wannan sana'a sai wanda ke cikin rajistar masu aikin gas da ake kira Gas Safe. Amma ko da ƙwararre ne ya zo, maigida ya tsaya a wurin ya ga wasu abubuwa da idonsa. Ya ga an sa bawul, wato makullin buɗewa da rufewa, a bututun ruwan sanyi da na zafi da na gas, domin ranar gyara. Ya ga an bar ruwa ya gudu ya wanke yashi da tarkacen bututu kafin a haɗa hitar, an kuma sa matata a mashigar ruwan idan na rijiyar burtsatse ne. Ya tabbatar bututun da ke ɗaukar ruwan zafi irin wanda ke jure zafi ne, domin bututun roba na ruwan sanyi yana laushi ya saki a mahaɗa.

Bayan an haɗa gas, a kaɗa ruwan sabulu ya yi kumfa, a shafa shi da soso a kowace mahaɗa tun daga bakin tukunya har ƙasan hitar, a tsaya a zuba ido. Inda gas ke fita za a ga kumfar tana kumbura tana fashewa tana sake tasowa, ko da ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ba a gwada yoyon gas da ashana. Daga nan a buɗe famfon zafi, a saurari ƙarar kyastawa, a leƙa ta 'yar tagar da ke gaban akwatin. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, jere take daidai, a tsaye, ba ta rawa. Idan ta yi ruwan ɗorawa, ko tana lilo, ko ana ganin baƙin hayaƙi yana taruwa a saman akwatin, a kashe, kada a karɓi aikin sai an gano dalili. A ƙarshe a rufe famfo a tabbatar wutar ta mutu nan take.

Amfani da kulawa

A daidaita zafin a jikin hitar, tsakanin digiri 38 zuwa 42 don wanka, maimakon a ƙure ta sannan a riƙa surkawa da ruwan sanyi a famfo. Surki yana rage ruwan da ke bi ta cikin hitar, kuma a gidan da ruwa ba shi da ƙarfi hakan kan sa wutar ta mutu a tsakiyar wanka, ta sake kamawa, mai wanka ya sha sanyi da zafi bi da bi. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar jariri da ta tsoho kuwa ta fi saurin ƙonewa, saboda haka ko don wankan jego ne a tara ruwan a bokiti a gwada shi da hannu tukuna. Ƙananan hitoci da yawa suna kashe kansu bayan kusan minti 20 suna ci. Wannan kariya ce aka gina a ciki, ana rufe famfo a sake buɗewa za ta tashi.

Idan wani ya fito daga wanka yana kukan ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko ruɗewa, musamman idan abin yana wucewa da ya sha iska a waje, a ɗauka hitar ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Wanda ya faɗi a fito da shi fili nan da nan, a rufe gas, a garzaya da shi asibiti inda za a sa masa oksijin. Ɗura masa madara ko manja ɓata lokaci ne, yana kuma iya shaƙe shi. Idan kuwa warin gas aka ji, a rufe regileta, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki ko a kyasta wani abu har sai warin ya gushe.

Ruwan da ke da yawan ma'adinai yana barin farin ɓawo a cikin bututun jan ƙarfen, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, kuma shi ne ke kashe hita a hankali: ruwa ya ragu, gas ya ƙaru, wata rana bututun ya ƙone ya huje. Maganinsa shi ne sau ɗaya a shekara a rufe gas da bawul ɗin ruwa, a sa ƙaramin injin ruwa a bokiti ya riƙa zagaya farin ruwan khal ta cikin hitar na minti 45 zuwa awa ɗaya, sannan a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Inda ɓawon ke saurin taruwa a buta, a yi haka duk wata shida. 'Yar rariyar da ke mashigar ruwan sanyi kuwa a riƙa ciro ta ana wankewa akai-akai, domin ita ce abu na farko da za a duba idan hita ta ƙi tashi, sai batura, sai kan shawa da ƙofofinsa suka toshe.

Ƙurar hunturu tana cika kan wutar da ƙofofin iska, gizo-gizo da zanzaro kuma suna son yin gida a ciki idan hitar ta daɗe ba ta aiki. Lokacin da ya fi dacewa a kira mai gyara ya buɗe ta ya share, ya duba bututun hayaƙi, ya sake gwajin kumfa, shi ne watan Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin sanyi ya sauka. A wannan zuwan ne kuma za a lanƙwasa tiyon a duba: idan ya yi tauri ko ya fara tsagewa, ko kwanan watan da ke jikinsa ya wuce, a sauya shi tare da maɗauransa. Idan bazara ta shigo aka daina bukatar ruwan zafi, a rufe regileta, a cire baturan don kada su zubar da ruwa su cinye mazauninsu, a kuma bar ƙofofin iskar akwatin a buɗe ba tare da an lulluɓe shi da leda ba.